Tsohuwar Quad 405 ta Kawu: A Gyara, A Yi Mata Ƙari, Ko A Sauya Ta?

Kawuna ya yi karatu a Ingila a ƙarshen shekarun 1970, kuma cikin kayan da ya dawo da su Kaduna akwai amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ƙirar Quad 405, tare da abokiyar aikinta Quad 33, wadda ita ke ɗauke da maɓallin ƙara murya da na zaɓar garmaho ko rediyo. Fiye da shekara arba'in na'urar nan tana zaune a kan kanta ɗaya a ɗakinsa, ta ga zamanin faifan garmaho, ta ga na kaset, ta ga na faifan CD. A bara ne babban ɗansa ya kira ni ya ce tsohuwar ta gaji, yana so ya saya wa mahaifinsa sabuwa, amma Kawu ya ƙi, don haka in zo in raba gardama tunda na ɗan san kan kayan sauti. Wannan rubutu bayani ne na abin da muka tarar da abin da muka yi, domin tambayar da ta taso a gidan nan ita ce take tasowa ga duk wanda ya gaji tsohuwar amfilifaya mai daraja ko ya tsince ta a kayan gwanjo.

Ƙorafin ɗan Kawu kashi uku ne. Na farko, akwai wani ƙugi mara yankewa da ke fita daga lasifikokin biyu ko da ba a sa komai ba. Na biyu, sautin ya yi laushi fiye da kima, ganga ba ta da nauyi, kamar an lulluɓe ta da bargo. Na uku, wanda ya fi damunsa, idan aka ƙara murya a kan kiɗa mai kauri sai sautin ya shaƙe, ya yi wata irin ƙara mai kama da yagewar takarda. Da na tambayi yaushe na ukun ya fara, sai ya ce tun lokacin da ya kawo sababbin lasifikoki dogaye, bayan da soson da ke gefen tsofaffin ya ruɓe ya zube. Na duba bayan sababbin, na ga an rubuta om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar da abu ke yi wa wutar lantarki), alhali tsofaffin om 8 ne. Na riƙe wannan a raina, ban ce komai ba tukuna.

Kawu kuwa magana ɗaya ya yi mini, yana dafe da saman na'urar: "Kai dai ka duba ta da kyau. Idan ta mutu ka faɗa mini gaskiya, amma kada ka yanke mata hukunci saboda shekarunta." Na ce, "To, Kawu, sai an gwada akan san na ƙwarai."

Kafin a taɓa irin wannan na'ura wajibi ne a san abin da maƙeranta suka nufa da ita. Peter Walker ne ya kafa kamfanin da ke ƙera Quad a Landan a 1936, wanda aka sani da sunan Acoustical Manufacturing Company, ya kuma mayar da shi garin Huntingdon a 1941 bayan da bama-baman yaƙi suka lalata wurin aikinsa. Kamfanin ya yi suna da Quad II mai aiki da kwalaben lantarki a 1953, da lasifikar ESL ta 1957, da Quad 303 mai taransista a 1967. A 1975 Walker da abokin aikinsa Michael Albinson suka gabatar da wata sabuwar dabara a taron ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES a Landan, kuma a kan wannan dabara aka gina 405, wadda ke ba da wat 100 a kowane ɓangare, hagu da dama, idan lasifikar om 8 ce. Dabarar ta jawo wa kamfanin lambar yabo ta Sarauniyar Ingila a fannin fasaha a 1978, kuma BBC ta yi amfani da wani samfurin 405 da aka yi wa gyare-gyare wajen tuƙa lasifikokinta na ɗakin shirye-shirye masu lamba LS5/8. Nauyinta kilo 9 ne kacal, fuskarta kuwa haƙarƙarin alminiyom ne masu fitar da zafi, babu maɓalli ko ɗaya a kai.

Dabarar kanta ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ta sa wannan na'ura ta jure tsufa fiye da takwarorinta da yawa. A yawancin amfilifayoyin taransista, taransistoci biyu ne suke karɓa-karɓa: ɗaya yana tura lasifika gaba, ɗaya yana janyo ta baya, kuma a daidai gaɓar da ɗaya yake miƙa wa ɗaya aiki akan sami ɗan tsaiko da ke gurɓata sauti, musamman idan murya tana ƙasa. Maganin da aka saba shi ne a bar 'yar wuta tana gudana a cikinsu kullum, a saita ta da wani ɗan maɓalli a kan allo, amma wannan saiti yana gocewa da zafi da kuma shekaru. Walker da Albinson sun bi wata hanya dabam. Sun sa ƙaramar amfilifaya mai tsaftar gaske, mai ƙarfi kaɗan, wadda ba ta taɓa yin shiru, suka kuma haɗa ta da manyan taransistoci 'yan ga-ruwa waɗanda aikinsu kawai shi ne jibga wuta idan an buƙace ta. Duk kuskuren da manyan suka yi, ƙaramar ce take cike gurbinsa nan take. Abin da ke daidaita wannan rabon aiki wata gada ce ta kaya huɗu: kafasita (mai ajiye wuta) 'yar ƙarama mai fikofarad 120, rezista (mai rage gudun wuta) mai om 500, wata mai om 47, da naɗin waya mai kimanin maikirohenri 3. Muddin ƙimomin nan huɗu suna kan ma'auninsu, babu wani saiti da za a murɗa, don haka babu saitin da zai goce. Takardar kamfanin ta ce gurɓatar sauti ba ta kai kashi 0.01 cikin ɗari ba a tsakiyar zangon murya, kuma wannan adadi ko a yau ba abin kunya ba ne.

Da muka kwance murfin a shagon wani mai gyara da na yarda da hannunsa, abu na farko da ya tarbe mu ƙurar hunturu ce ta shekaru, ta yi dandali a kan alluna biyun da ke ɗauke da kayan lantarkinta, ja-ja kamar garin bulo. Bayan an hure ta, sai ciwon ya bayyana. Manyan kafasitoci biyu na ɓangaren wuta, masu maikirofarad 10,000 kowacce, ɗaya ta kumbura a ka, kuma akwai busasshen farin abu kamar kanwa a gindin ƙafarta. A kan kowane allo akwai rezistoci biyu da ke rage wutar bolt 50 zuwa abin da ƙaramin guntun ayisi (IC, guntun da ke fara karɓar sauti ya ƙara masa ƙarfi) zai iya ɗauka, kuma allon da ke ƙarƙashinsu ya yi duhu kamar an ɗora masa dutsen guga. Sannan muka ga sawun wani mai gyara na baya: ya cire fis ɗaya ya naɗa siririyar waya a gurbinsa, kuma a ɓangaren hagu ya sauya 'yar kafasitar gadar nan da wata mai ƙima dabam, da alama abin da hannunsa ya kai gare shi a ranar ke nan. Wayar da ke gurbin fis ta fi tayar mini da hankali, domin da taransista ɗaya ya ƙone, babu abin da zai tare wutar kafin ta yi ɓarna.

Kafasitocin ba su yi laifi ba, wa'adinsu ne ya cika. Irin waɗannan akwai ruwan sinadari a cikinsu, kuma ruwan yana bushewa sannu a hankali ko ana amfani da na'urar ko ba a yi. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce, duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon rayuwarsu biyu. Na'urar da aka ƙera domin ɗakunan Ingila, ta zo ta yi shekara arba'in tana shan zafin watan Maris da Afrilu a Kaduna, ga wutar da ke hawa da sauka, ga janareta, abin mamaki ma shi ne da ta kai haka tana magana. Idan manyan kafasitocin suka bushe, ba sa iya lallashe wutar da ta fito daga taransifoma, sai ragowar girgiza 100 a daƙiƙa ta kutsa cikin sauti, ƙugin da ake ji ke nan. Ba sa kuma iya ajiye wutar da ganga ke buƙata a lokaci guda, shi ya sa kauri ya tafi. Ina so mai karatu ya lura da wannan sosai, domin sau da yawa na ji mutane suna yabon wani taushi da ɗumi da suke cewa sautin tsofaffin na'urori ne, alhali abin da suke ji bushewar kafasita ce, ba nufin maƙeri ba.

Mun tsara aikin mataki-mataki, kuma na dage a kan kada a haɗa matakan, domin idan aka sauya abu goma a rana ɗaya ba a san wanda ya yi magani ba. Matakin farko shi ne mayar da na'urar yadda ta fito daga masana'anta, ba ƙari ba ragi. Aka sa sababbin manyan kafasitoci masu ƙimar na asali, aka sauya dukkan ƙananan masu ruwa a kan alluna da waɗanda ke jure zafin digiri 105 maimakon 85, aka sa rezistoci masu ƙarfin ɗaukar zafi aka ɗan ɗaga su daga jikin allo domin iska ta ratsa, aka mayar da fis na gaskiya, aka kuma sabunta dalmar da ta tsattsage. Da aka kunna, ƙugin ya ɗauke ɗif, har sai mutum ya manna kunne a jikin lasifika kafin ya ji ɗan huci. Ganga ta dawo da nauyinta. Bayan kwana biyu aka mayar da kafasitar gada ta hagu zuwa fikofarad 120, kuma wani ɗan kaushi da nake ji a ƙarshen amon fiyano idan murya tana ƙasa ya tafi. Taransistocin fitar da wuta ba mu taɓa su ba, domin lafiyarsu lau, kuma kasuwar yau cike take da jabu masu ɗauke da lamba ta gaskiya a jiki amma cikinsu fanko.

Mataki na biyu shi ne abin da masu sha'awa ke kira ƙari, kuma a nan ne kuɗi ke zurarewa. Akwai masu sayar da kayan ƙarin 405 iri-iri, daga ayisi na zamani zuwa sababbin alluna gaba ɗaya, da wayoyin ciki masu tsada, da taransifoma biyu maimakon ɗaya. Daga cikin wannan duka abu biyu kawai na amince da su. Na farko rage saurin jin na'urar. An ƙera 405 ta kai iyakar ƙarfinta da rabin bolt kacal a mashiga, wanda ya dace da kayan zamaninta, amma na'urar CD da yawancin kayan yau bolt 2 suke fitarwa. Sakamakon haka shi ne maɓallin murya ba ya wuce farkon zagayensa, ɗan taɓi kaɗan ɗaki ya cika. Sauya 'yan ƙananan kaya a kewayen ayisin ya kai buƙatar zuwa bolt ɗaya da rabi, maɓallin ya sami filin juyawa, hucin ma ya ƙara raguwa. Na biyu sauya ayisin LM301 na asali da TL071, wanda shi kamfanin da kansa ya koma gare shi daga baya. Gaskiyar magana, na farkon kowa a gidan ya ji amfaninsa a hannunsa da kunnensa, na biyun kuwa na yi sauraro na tsanaki ban iya rantsuwa cewa wani abu ya canja ba. Mai gyaran ya so mu sa wani ayisi mai sauri ƙwarai da ake yayi, na ce masa, "Malam, bar shi haka," domin guntu mai sauri a kan allon da ba a zana dominsa ba yana iya kama wata rawa da kunne ba ya ji, amma tana dafa taransista.

Daga nan muka zo ga ainihin gardamar. Ɗan Kawu ya aro sabuwar amfilifaya daga wajen abokinsa, irin ta zamani da ake kira rukunin D, mara nauyi, wadda ba ta ɗumi ko an wuni ana kiɗa, mai ƙarfin da ya ninka na tsohuwar. Da aka fara haɗa ta kowa ya ce ta fi, har da ni. Amma na san tarkon da ke wurin: idan sauti ɗaya ya ɗara ɗaya ƙarfi ko da ɗan ƙanƙanin da kunne ba zai kira shi ƙarin murya ba, ƙwaƙwalwa tana fassara shi da cewa ya fi haske, ya fi faɗi, ya fi kyau. Saboda haka muka sa amo guda mai girgiza 1,000 a daƙiƙa, muka auna bolt a bakin lasifika da mita, muka daidaita na'urorin biyu har bambancinsu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Muka rufe su da zane, ƙanwar ɗan Kawu tana sauya waya a bayan labule tana rubuta wadda ta haɗa, mu uku muna zaune ba mu san wacce ke magana ba. Muka sa kalangu, muka sa goge, muka sa fiyano, muka sa muryar mai karanta labarai, domin muryar mutum ita ce sautin da kunne ya fi sani.

A matsakaiciyar murya, irin wadda mutum zai iya hira a kanta, amsoshinmu ba su wuce canki-canka ba. Ɗan Kawu, wanda kunnensa ya fi namu ƙuruciya, kuma ya shigo da yaƙinin zai gane sabuwar cikin daƙiƙa biyar, ya yi shiru yana kallon takardar. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin an taɓa yin irinsa da waɗannan kaya. A 1978 mujallar Wireless World ta buga rahoton James Moir na wani gwajin sauraro da aka yi a makance tsakanin Quad II da 303 da 405, wato kwalabe da taransista da sabuwar dabara, inda gogaggun masu sauraro suka kasa bambance su fiye da abin da sa'a za ta bayar, matuƙar ba a tura kowacce ta wuce ƙarfinta ba. Kamfanin ne ya ɗauki nauyin gwajin, kuma masu suka sun riƙe wannan hujja, amma sharaɗin da ke cikinsa, wato kada a wuce ƙarfin na'ura, shi ne mabuɗin lamarinmu.

Da muka ƙara murya sosai a kan kiɗa mai ganguna masu kauri, sai bambanci ya fito fili, babu wanda ya kuskure ko sau ɗaya. Tsohuwar ta shaƙe, yagewar takardar nan ta dawo, sabuwar kuwa ta wuce abinta. A nan ne rubutun om 4 da na gani a ranar farko ya yi bayanin kansa. Domin a ba lasifikar om 8 wat 100, ana buƙatar kimanin bolt 28, kuma ƙololuwar wutar da za ta gudana amfiya 5 ce. Idan lasifikar om 4 ce, wannan bolt ɗin zai nemi amfiya 10, kuma lasifikar da aka rubuta wa om 4 takan sauka ƙasa da haka a wasu amo. A cikin 405 ta farko akwai wani mai gadi da ke taƙaita wutar da taransistoci za su bayar domin kada su ƙone, kuma an ɗaure shi tamau, daidai da taransistocin wancan zamani da lasifikokin om 8 da suka fi yawa a Ingila a lokacin. Wannan sananniyar iyaka ce, ita ce ma babban abin da aka sassauta a samfurin 405-2 da ya fito a farkon shekarun 1980, sannan aka ƙara faɗaɗa ƙarfin a Quad 606 da 909 da suka biyo baya a kan dabara ɗaya. Ashe ƙorafi na uku ba tsufa ba ne sam. An ɗora wa doki kayan raƙumi ne.

Akwai masu sassauta mai gadin nan da hannu, su sauya rezistocinsa su sa taransistoci masu ƙarfi. Ana yi, kuma yana aiki a hannun wanda ya san lissafinsa kuma yake da tabbacin kayan da ya saya na gaske ne. Ni ban ba da shawararsa ba a wannan gida, domin taransifoma da haƙarƙarin fitar da zafi suna nan yadda suke, ɗakin kuma ba mai sanyi ba ne, kuma na'urar da aka tilasta wa aikin da ya fi jikinta ta daina zama abin da Kawu yake ƙauna, ba ta kuma kai sabuwar ba. Na kuma nuna wa ɗansa cewa ninka wat ba ninka ƙara ba ne: daga wat 100 zuwa 200 desibel 3 ne kawai a ma'aunin ƙarfin sauti, ƙarin da ake ji amma ba mai yawa ba, kuma sai an ninka ƙarfi sau goma kafin kunne ya ce sauti ya ninka. Abin da sabuwar ta fi tsohuwar da shi a wannan gwaji ba yawan wat ba ne, iya ba da wuta ga lasifika mai haɗama ne.

Ta fuskar kuɗi, gyaran matakin farko, kaya da ladan aiki, bai kama ƙafar farashin sabuwar amfilifaya mai irin wannan inganci ba, kuma shi ne ya kawo kusan dukkan canjin da aka ji. Abin da ya sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu shi ne kayan cikin 405 na gama-gari ne, taswirar haɗinta a buɗe take ga kowa, alluna biyun suna fita da 'yan kusoshi, taransifomarta kuma lafiya take. Da taransifomar ce ta ƙone, ko da na'urar irin waɗanda aka gina a kan wani guntu na musamman da aka daina ƙerawa ce, da lissafin ya juya, kuma da ni da kaina zan ce a haƙura. Dole kuma a faɗi inda sabuwar ta yi fice ba tare da gardama ba: kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da ta sha tana miƙa shi ga lasifika, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da ke kan sola da batir.

Da na gama bayani, Kawu ya tambaye ni ko tsofaffin lasifikokinsa suna gyaruwa. Aka ciro su daga sito, aka yi odar sabon soso daidai faɗinsu, mai gyaran ya kankare ruɓaɓɓen ya liƙa sabo, ya bar su kwana biyu gam ya kama. Da aka haɗa su da 405 muka maimaita gwajin makanta, wannan karo har da murya mai ƙarfi, kuma shaƙewar ba ta dawo ba. Ɗan Kawu ya kwashe dogayen lasifikokinsa zuwa falonsa, ya sayi sabuwar amfilifaya dominsu, wadda ita ce daidai da su. Tsohuwar ta koma kan kantarta, an sa mata sitabilaiza, an matsar da ita taƙi ɗaya daga bango domin iska, an kuma ɗinka mata murfin yadi da ake rufe ta da shi idan an kashe ta ta huce. A cikin murfin ƙarfenta na liƙa 'yar takarda mai ɗauke da ranar gyara, da jerin kayan da aka sauya, da ƙimomin gadar nan huɗu, da gargaɗin kada a taɓa su, domin mai gyaran da zai buɗe ta nan gaba.